Kalmar Da Za A Sassaƙa

A Skipton, bayan kasuwar tumaki,
akwai shagon Alwyn Thwaite mai sassaƙa duwatsun kabari.
Haruffa yake sayarwa,
kowanne fam huɗu,
waƙafi kyauta.

Ranar Talata, ana yayyafi,
'ya'yan marigayi Horace Binns su biyu suka shigo
da laima ɗaya tsakaninsu
da takardar da aka soke, aka sake sokewa.
Suna ba gardama. Shekaru ba gardama.
Kalma ɗaya ce ta hana su barci.

Noreen, babbar, ta ce a sa "loyal".
Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas ɗin kamfani ɗaya.
Ƙungiyar ƙwallonsa ta faɗi, ta ƙara faɗuwa,
bai taɓa sauya launin hularsa ba.
Kuma harafi biyar ne kacal, in ji ta,
ba don kuɗin ba.

Alwyn ya hure garin dutse daga bakin ƙarfensa.
Ya ce, wannan ta mai tsayawa ce,
wanda bai juya baya ba ranar da kowa ya watse.
Ana faɗinta ga soja, ana faɗinta ga kare,
har babban kanti na raba kati da sunanta.
Kalma ce mai mutunci. Ba na ƙin ta.

Hilary, ƙaramar, ta ce, to "allegiance" fa?
Na gan ta a bangon zauren gari.
A'a, 'yata.
Wannan ta tuta ce da gadon sarauta,
a ɗaga hannu, a rantse, magatakarda ya rubuta.
Ba a yi wa mace mubaya'a a ɗakin girki.

Sai ya yi tambayar da ba ta cikin aikinsa:
da sassafe, me mahaifinku yake yi?

Laimar ta yi ta ɗiga a kan siminti.

Hilary ta ce, yana taje wa Mama kai.
Shekara tara, tun da sunansa ya ɓace mata.
Mai kawo wasiƙa take kiransa, yana amsawa.
Ya yanka burodi ƙanana, ya cire ɓawon,
ya hura shayi, ya ɗanɗana, ya sake hurawa.
Tikitin kallon ƙwallonsa ma ya ba yaron maƙwabta.

Noreen ta ce, ban san ya daina zuwa ba.

Alwyn ya ɗauki alli, ya rubuta a fuskar dutse:
"devoted".
Ya ce, asalinta alwashi ne,
abin da mutum ya keɓe da bakinsa,
ya ce daga yau wannan ba nawa ba ne.
Mai ita ba zama kawai ya yi ba,
kansa ya ɗauko ya miƙa, bai nemi canji ba.
Kuna iya jingina ta da miji, ta zauna lafiya.
Amma in kuna son ta nuna mutum,
akwai 'yar kalma mai harafi biyu da take ja a bayanta,
"to",
kamar yatsa.
Ba "for" ba. Na taɓa sassaƙa wa wani haka bisa tilas,
har yau ina zagaye wannan layin na maƙabarta.
Bayan yatsan kuma sai suna.
Dole a faɗi ko wane ne.

Noreen ta ƙirga a hannu.
Bakwai, da biyu, da Edna huɗu.
Fam hamsin da biyu.
Ta buɗe jaka, ta rufe, ta sake buɗewa,
hankici take nema ashe.

Da suka fita ya soma da harafin farko,
ƙwal, ƙwal, a hankali,
don dutse ba ya karɓar gyara.

Can ƙetaren gada, a gidan kula da tsofaffi,
wata sabuwar ma'aikaciya ta taje wa Edna kai,
ta yi tsagar a gefen da ba nan ake yi ba.
Edna ta dubi taga.
Ta ce, yarinya,
mai wasiƙar nan ya makara yau ma.